Fulorans Naitingel, Mai Fitila da Idon Lura

A cikin asibitoci akwai wani abin da likitoci da masu jiyya suka daɗe da sani. Wani lokaci tsohuwar nas ta kan dubi marar lafiya, an auna zafin jikinsa an ga daidai, an taɓa jijiyar hannunsa ba a ga wani abin tsoro ba, amma ita hankalinta ya ƙi kwanciya. Sai ta aika a kira likita, in an tambaye ta dalili ta ce jikinta ne ya ba ta. Kafin gari ya waye kuwa sai ciwon ya juya kamar yadda ta ji tsoro. Waɗansu su kan ce baiwa ce, waɗansu su ce sa'a ce kawai. A wannan wata za mu ba da labarin macen da ta zauna ta yi tunani sosai a kan wannan al'amari, ta kuwa koya wa duniya inda wannan sani ya ke fitowa.

Haihuwarta da kiranta

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, sa'ad da iyayenta su ke yawon buɗe ido, aka sa mata sunan birnin. Mutanen Ingila ne masu dukiya ƙwarai, suna da manyan gidaje biyu, ɗaya na zaman rani ɗaya na zaman hunturu. Ubanta, Wiliyam Naitingel, shi da kansa ya koya mata da 'yar'uwarta harsuna, wato Helenanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi kuma. Ita kuwa ba abin da ta ke so kamar lissafi.

Ran 7 ga Fabrairu, 1837, tana da shekara 16, ta tabbata a ranta Allah ya kira ta zuwa aikinsa. Ta rubuta ranar ta ajiye, ba ta kuwa manta da ita ba har tsufanta. Amma ba ta san irin aikin ba tukuna. Shekaru suka wuce tana ziyartar matalauta marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da gidansu, har ta gane jiyya ce aikin da aka kira ta dominsa.

Da ta faɗa wa iyayenta a 1845 tana so ta koyi jiyya a asibiti, sai gida ya rikice. A zamanin nan asibitocin Ingila wuraren ƙazanta ne, matan da ke aiki a ciki yawancinsu ba su da horo, an kuma san waɗansunsu da shan giya. Uwarta ta ga abin kunya ne 'yar babban gida ta shiga cikinsu. Fulorans ba ta yi tawaye ba, ba ta kuwa sake ra'ayi ba. Ta riƙa tashi da asuba tana karanta rahotannin asibitoci na ƙasashe dabam dabam a ɓoye. Wani mutum mai daraja ya daɗe yana neman aurenta, ita ma tana sonsa, amma a 1849 ta ba shi haƙuri domin kada aure ya tare mata hanyar kiranta.

A 1851, tana da shekara 31, ta sami izini ta tafi Kaisaswat a ƙasar Jamus, inda Fasto Tiyodo Filidna ya kafa gidan horar da mata masu hidimar ekklesiya. Ta yi wajen wata uku a can tana tashi da sassafe tare da su, tana cin abincin talakawa, tana kula da marasa lafiya. A watan Agusta, 1853, aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan. Nan da nan ta sa aka ja ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kuma ɗaura ƙararrawa wadda za ta nuna wa nas ko wane gado ne a ke kira, domin kada nas ta ƙare ƙarfinta a hawa da sauka, ta rasa lokacin zama kusa da marar lafiya.

A barikin Sikutari

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha suna taimakon Turkiyya, aka yi ta gwabzawa a Kirimiya, a bakin Baƙin Teku. Jaridar Times ta Landan ta buga labarin yadda sojan Ingila masu rauni su ke mutuwa ba mai kula da su, mutane suka husata. Sidni Habat, ministan da ke lura da sha'anin soja, wanda ya san Fulorans tun haɗuwarsu a Roma, ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi ran 21 ga Oktoba da mata 38, suka sauka Sikutari, hayin birnin Istambul, ran 4 ga Nuwamba.

Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne. In an jera gadajensa za su kai wajen mil 4. A ƙarƙashin ginin akwai magudanan ƙazanta da suka toshe, iska tana kwaso ɗoyinsu zuwa cikin ɗakuna. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ba sabulu, ba isassun riguna ko barguna. Da fari likitocin soja ba su yi maraba da mata ba. Fulorans ta hana matanta taɓa kowa sai likita ya nema. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni daga yaƙin Inkaman, wanda aka yi kwana ɗaya bayan isowarta, aiki ya fi ƙarfin likitoci, suka nemi hannunta.

Ta sayi burushi 200 aka goge daɓe. Ta kama hayar gida ta sa matan soja wanki da tafasasshen ruwa. Ta buɗe wurin dafa romo da abinci mai laushi domin waɗanda ba su iya cin naman bariki. Ta samo labule a ke karewa in za a yanke wa mutum ƙafa ko hannu, gama ta lura wanda ya ga an yanka maƙwabcinsa yau, ya san gobe shi ne, zuciyarsa ta kan karye tun wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Da dare, bayan sauran mata sun tafi kwana, ita kaɗai ta kan ɗauki fitilar Turkawa ta bi layin gadaje a hankali. Daga nan ne aka yi mata laƙabi da Mai Fitila. Sai mu tuna abin da ke hannunta a lokacin. Ma'aunin zafin jiki bai yaɗu a asibitoci ba tukuna, abin awon jini na ɗaurawa a damtse kuwa sai a 1896 aka ƙago shi. Ba ta da kome sai ido da kunne da hanci da tafin hannu. Da su ta ke rarrabe wanda ya ke barcin samun sauƙi da wanda ƙarfinsa ke tsiyayewa, da su ta ke sanin gadon da ya kamata ta tsaya. Masu rubuta tarihinta sun kawo labarin soja biyar waɗanda likitoci suka ajiye gefe ɗaya, sun fid da rai gare su. Ta roƙa a bar mata su. Ita da wata nas suka kwana suna ɗura musu abinci da cokali kaɗan kaɗan, da safe aka tarar sun yi ƙarfin da za a iya yi musu aiki. Waɗanda suka mutu kuwa, ta kan zauna ta rubuta wa iyayensu da matansu wasiƙa.

Abin da lissafi ya nuna mata

Duk da wannan wahala, mutuwa ba ta ragu ba. A hunturun farko soja 4,077 suka mutu a Sikutari, yawancinsu kuwa ba raunin yaƙi ya kashe su ba, sai atuni da kwalara da zazzaɓin taifot da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa. A watan Fabrairu, 1855, cikin kowane mutum 100 da aka yi jiyyarsu 42 sun mutu. A watan Maris gwamnati ta aiko da masanan tsabta, Likita Jon Sadalan da injiniya Robat Rolinsan. Suka buɗe magudanan suka wanke, suka huda wuraren shigar iska, har suka tarar da mushen doki a hanyar ruwan da asibitin ke sha. Zuwa watan Yuni masu mutuwa sun komo 2 cikin 100.

A watan Mayu na shekaran nan ta haye zuwa Kirimiya ta duba asibitocin can, zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har ta kusa mutuwa. Ta ƙi komawa gida sai da yaƙi ya ƙare. Ta isa Ingila a watan Agusta, 1856, da wani suna dabam domin ta kauce wa taron maraba. Sarauniya Biktoriya ta kira ta suka yi magana, aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857.

Sa'an nan ta zauna tare da Likita Wiliyam Far, gwanin ƙididdiga, suka bi lissafin matattu wata wata. Sa'ad da ta ke Sikutari ta fi ɗora laifi a kan ƙarancin abinci da kaya da gajiyar soja. Lissafi ya nuna mata a fili ƙazantar ginin da ta ke aiki a ciki ita ce babbar mai kisa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, amma ba ta ɓoye shi ba. Ta zana shi cikin wani zane mai kama da fure, kowane ganye wata guda, yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai ga cuta ta fi harsashi ɓarna nesa ba kusa ba. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta fari a cikinsu.

Nan akwai koyarwa babba. Idon da ya iya karanta mutum ɗaya a kan gadonsa bai isa ya gane abin da ke kashe dubbai ba. Wannan sai an rubuta, an ƙidaya, an gwada wata da wata. Tun daga lokacin ba ta yarda a raba abu biyun nan ba, wato lura da ƙidaya.

Koyarwarta a kan lura

A ƙarshen 1859 ta gama wani ɗan littafi a kan aikin jiyya, ta rubuta shi domin matan gida masu kula da 'ya'yansu da mazansu. Sura guda a ciki a kan lura da marar lafiya ta ke. A ganinta babban darasin da za a koya wa nas shi ne abin da za ta duba, da yadda za ta dube shi, da alamun da ke nuna sauƙi da waɗanda ke nuna akasinsa.

Ta yi gargaɗi a kan tambayar da ba ta da amfani. In ka tambayi marar lafiya ko ya kwana lafiya, zai amsa maka da abin da ya fi sauƙin faɗi. Mu ma mun san haka, gama a wurinmu ko mutum yana bakin mutuwa in ka gaishe shi zai ce da sauƙi. Abin da ya kamata a sani shi ne sa'a nawa ya yi barci, da kuma wane lokaci na dare. Haka kuma batun abinci. Ta so nas ta horar da idonta har in ta dubi kwano ta san yawan abin da aka ci, kamar yadda mu kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta lura mutane da yawa suna ramewa da yunwa alhali abinci na gefensu, don ba wanda ya kula da sa'ar da su ke iya haɗiya. Wanda bai iya shan kofi guda ba, a ba shi cokali guda kowace sa'a.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ita ma ta koyar nas ta iya karanta kowane canji a fuskar marar lafiya ba tare da ta wahalshe shi da magana ba. Amma ta ƙara da cewa fuska ta kan ruɗi mutum, gama zazzaɓi ko murnar ganin baƙo ya kan sa fuska ta yi kyau na ɗan lokaci. Hannu ya fi faɗin gaskiya a kan rama da ƙarfin jini. Likita ya kan ga marar lafiya minti kaɗan, sau da yawa a lokacin da ya daure ya gyara zama. Wadda ta wuni ta kwana tare da shi ita ce ta san yadda ya koma bayan likita ya fita.

Game da nas ɗin nan da a ke cewa tana da wani iko na musamman, Fulorans ta kawo misalin mutanen da tsuntsayen daji ke taruwa wurinsu. A dā a kan ce maita ce, alhali kuwa sun daɗe ne suna lura da halin tsuntsu har sun san abin da ke firgita shi da abin da ke jawo shi. Haka nas mai gwaninta ta ke. Ƙananan abubuwa dubu da ta gani a jikin mutane dubu sun taru a zuciyarta, har ya zamana ta kan gane kafin ta iya faɗin yadda ta gane. Ta kuma ce yawan shekaru kaɗai ba ya kawo wannan, gama mace ta iya yin shekara hamsin cikin marasa lafiya ba ta ƙaru da kome ba in ba ta lura. Ta ba da labarin wani uba da ya kan bi da ɗansa da sauri ta gaban kantin kayan wasa, sa'an nan kowa ya rubuta abin da ya gani, su koma su gwada. Nufinta shi ne ido abin horarwa ne. Wadda ba ta amince da tunaninta ba kuwa, ta riƙe takarda da fensir.

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, wajen fam 44,000, ta buɗe makarantar nas a Asibitin Sen Tomas na Landan a watan Yuli, 1860, da ɗalibai 15. An sa su rubuta abin da suka gani a jikin marasa lafiya, ita kuwa ta kan karanta. A littafinta na ginin asibitoci, bugun 1863, ta yi maganar ƙaramin ɗaki kusa da ɗakin tiyata inda wanda aka yi wa aiki zai zauna har ya farfaɗo. A dogayen ɗakunan da aka gina bisa tsarinta kuma, al'ada ta zama a sa wanda ciwonsa ya fi tsanani kusa da mazaunin babbar nas, inda ido ba zai rabu da shi ba.

Abin da ya biyo baya

Ɗakin masu tsananin ciwo irin na yanzu ya samo asali a Kofanhegan ta ƙasar Danmak. A 1952 annobar shan inna ta hana ɗaruruwan mutane numfashi, Likita Biyon Ibsen ya kawo dabarar hura musu iska ta maƙogwaro, ɗalibai fiye da dubu suka yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana. A 1953 ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan. Yau ɗakunan nan cike su ke da na'urori masu ƙidaya bugun zuciya da numfashi.

Duk da haka na'ura ba ta kori ido ba. A 1984 wata malamar jiyya a Amurka, Fatrisha Bena, ta bayyana matakai biyar da nas ke bi daga sabon shiga zuwa gwana. Ta nuna sabon shiga ta kan bi doka ɗaya ɗaya, gwana kuwa ta kan ga al'amarin gaba ɗaya nan take. Waɗansu masu bincike a Amurka kuma sun yi ta tambayar nas-nas masu kula da jariran da aka haifa bakwaini, suka tarar su kan gane cuta ta shiga jinin jariri tun awon jini bai nuna ba. Da aka bi su da tambaya a hankali, sai ga alamu na ainihi, kamar canjin launin fata da sanyin jiki da kumburin ciki da rashin kuzari. A Ostireliya, cikin dalilan da aka rubuta na kiran likitocin gaggawa zuwa gadon marar lafiya, an sa damuwar nas ita kaɗai ta isa dalili. A 2012 kuma likitocin Ingila suka fito da tsarin ba da maki ga abu shida, wato numfashi, da iskar da ke cikin jini, da zafin jiki, da awon jini, da bugun zuciya, da hankalin marar lafiya, domin nas wadda jikinta ya ba ta ta sami lissafin da za ta nuna wa likita. Gama ji a jika ya kan yi kuskure, musamman ga wanda ya gaji ko wanda bai daɗe a aiki ba. Amfaninsa shi ne ya sa a koma a duba, a auna, a kira taimako da wuri.

Aikinta ya iso ƙasarmu. Kofoworola Abeni Pratt ta shiga makarantar Sen Tomas a 1946, ta komo gida ta zama 'yar Nijeriya ta fari da ta shugabanci nas-nas na asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama babbar jami'ar jiyya ta ƙasa duka.

Ƙarshen kwanakinta

Ciwon da ta ɗauko a Kirimiya bai sake ta ba. Daga 1857 ta yi shekaru da yawa galibi a kwance, amma daga kan gadon ta rubuta dubban wasiƙu, ta yi ta fama domin ruwa mai tsabta a Indiya, da jiyya ta gari a gidajen matalauta na Ingila. Ta daɗe tana ganin mugun wari ne ke kawo cuta, amma da hujjar ƙwayoyin cuta ta tabbata, ta karɓa. Cikin tsufa idanunta suka dushe. A 1907 Sarki Edwad na Bakwai ya ba ta lambar girma wadda ba a taɓa ba mace ba. Ta rasu a Landan ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. An so a binne ta tare da manyan ƙasa a Wesminista, amma danginta suka bi nufinta, aka kai ta makabartar ƙaramar majami'ar ƙauyensu. A kan dutsen ba a rubuta cikakken sunanta ba, sai haruffa biyu da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Ran 12 ga Mayu kowace shekara duniya tana tunawa da masu aikin jiyya saboda ita.

'Yan'uwa, a ƙasarmu yawancin jiyya a hannun dangi ta ke, uwa ko mata ko 'ya, a gida ko a tabarmar gefen gadon asibiti. Wanda ya ke wannan aiki ya lura da sa'ar barci, da yawan abin da aka ci aka sha, da fitsari, da yadda numfashi ke fita. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, kada kunya ta hana shi faɗa wa nas tun da wuri, ya kuma faɗi abin da ya gani daidai, ba ƙari ba ragi. 'Ya'yanmu da ke aikin asibiti kuwa, kada su rena abin da zuciyarsu ta raya musu a kan marar lafiya, kada kuma su dogara gare shi su bar awo da rubutu. Fulorans ta koyar cewa ba don tara sani a ke lura ba, sai domin a ceci rai, a kuma sauƙaƙa wa mai shan wuya. Ita ta ɗauki wannan a kan bautar Allah ne, ta kuwa riƙe shi shekara saba'in. Ubangiji ya ba mu ido mai gani da zuciya mai juyayi. Amin.